Ruwan Kwance Ƙiri

Ran Talata ce, ranar kasuwarmu. Bazara ta kai maƙura. Gulbin da ke yamma da gari ya ƙafe, sai rairayi fari fat.

Sunana Arzika. Ɗan dako ne ni. Lodi nake yi, in ɗaure kaya, shekara ashirin da wani abu, daga Gatawa har Isa. Sauran masu lodi da igiyar roba suke ɗauri. Ni da ƙiri nake yi, igiyar ɗanyar fatar sa. Wurin ubana na gada, shi raƙuma yake ɗaure wa kaya. Ana jiƙa ƙiri ya kwana a ruwa, a ɗaure da shi yana da laushi. In rana ta buge shi sai ya tsuke ya koma kamar ƙarfe. In an isa inda za a, a zuba wa ƙullin ruwa, a jira kamar tsawon cin tuwo, ya saki. Kayan da na ɗaure bai taɓa zamewa ba. Ina taƙama da wannan a lokacin. Gara in faɗa tun yanzu.

Da safe na kwashe ƙirina guda bakwai daga bokitin matata, Hassi. Shuɗin bokiti ne, ni na yi masa mariƙi da waya. Ita ƙosai take tuya a bakin tasha, gindin dogon yaro. Ta shinshina bokitin, ta yamutsa fuska.

Ta ce, “Baban Rabi, ka sake jiƙa mushen nan naka a bokitina? So kake a ce ƙosaina na warin majema?”

Na ce, “Wanda ya ji warin ya sayi biyu, ya tabbatar.”

Ta ba ni ƙosai uku. Ta ce na huɗun sai na wanke bokiti. Ban wanke ba. Ita ta wanke. Ɗiyarmu Rabi, ’yar shekara biyar, tana zaune kan buhun gawayi tana lasar yaji.

A ƙofar kasuwa ’yan sa-kai suka karɓi wuƙata. Doka ce tun da aka soki wani a wurin dabbobi, wata biyu kafin nan. Kowa ya shigo ya miƙa tasa, a jefa cikin buhu, a kulle a shago, da la’asar a karɓa. Mahauta kaɗai aka bari da nasu. Rumfarsu tana can gabas, bayan rijiya.

Motar Illo za mu yi wa lodi. Illo ɗan kawuna ne, taubashina. Tsohuwar motar kaya ce mai bodin katako. Kayan kuwa gero ne, buhu hamsin, na wani ɗan kasuwa Alhaji Jibo, za a kai Nijar. Ƙarfe takwas muka fara, mu huɗu. Tara da rabi muka gama. Lodi ya haura bodi da kamu biyu. Muka rufa tamfol. Na ja ƙiri bakwai, na taka da ƙafa, na yi ƙulli bakwai.

Illo ya buga ƙiri ɗaya da yatsa, ya yi ƙara kamar tsirkiyar baka. Ya ce, “Kai wanga mutum, da haka kake ɗaure bakinka da dangi sun huta.”

Na ce, “Da haka aka ɗaure motarka da ba ta zubar da ƙusoshi a hanya.”

Muka zauna jiran Alhaji, ya shiga kasuwa sallamar mutane. Rana tana dukan ƙiri. Awa ɗaya da rabi tana dukansa.

Ƙarfe goma sha ɗaya da ’yan mintoci ne. Illo ya duba waya a lokacin, shi ya faɗa mini daga baya. Ba bindiga muka fara ji ba. Jakuna ne suka fara kuka gaba ɗaya. Sai wani gunji daga gabas, ƙasa-ƙasa, kamar zuma ta tashi daga kogo. Babura ne. Da yawa. Sai ƙananan bindigogi, tat-tat-tat. Sai babbar, mai yi ɗaya-ɗaya, wadda ake ji a ƙirji.

Wani ya ce, “Ga su nan!”

Kasuwa ta fashe. Masu ƙafa suka yi yamma, suka faɗa gulbi da gudu. Masu babura suka ɗauki nasu. Ƙananan motoci biyu da ke tasha suka tashi ƙofofinsu a buɗe. Kafin a ƙirga ɗari, motar Illo kaɗai ta rage.

Waɗanda ba su iya gudu suka taho wurinta. Tsofaffi. Masu ciki. Masu goyo da wani a hannu. Wani gurgu a kan kekensa. Wata makauniya riƙe da zanen maƙwabciyarta. Sun fi arba’in. Suka kewaye motar suka ɗora hannuwa a jikin katako.

Ɓarayin dajin sun tsaya a kara, kasuwar dabbobi, suna tara shanu. Shi ya ba mu lokaci. Muna jin ihunsu, muna jin shanu na kuka.

Hanya ɗaya ce, ta gangara gulbi. Rairayin ya kai taku ɗari uku, ba itace ko ɗaya. Kowa a garin ya san yadda motar Illo take ƙetare shi da lodi: a rage iskar taya, a taru a tura, da kyar. Wasu mata sun fara hawan taya suna neman kama tamfol. Illo ya ɗaga murya.

“Ku sauka! Ba ta ɗaukar biyu! In ta nutse a tsakiya sun gama da mu duka! Ko gero ko mutane!”

Alhaji Jibo ya iso yana haki, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ji abin da Illo ya ce. Ya dafa tamfol.

Ya ce, “Ba nawa ne ni kaɗai ba. Rabin geron amanar mutane ce. Tada mota, Illo.”

Illo bai tada ba. Wata tsohuwa ta ɗaga jikanta sama ta miƙa wa Alhaji. Miƙawa kawai take. Alhaji ya dubi yaron, ya dubi lodi. Leɓɓansa na motsi. Ya tsaya haka kamar tsawon raka’a biyu.

Ya ce, “A sauke rabi.”

Babbar bindigar ta sake yi, kusa fiye da da.

Ya ce, “A sauke duka.”

Illo ya juyo. “Arzika, kwance!”

Na kama ƙullin farko. Ya bushe. Kamar na kama ƙahon sa. Na tura farce, farcen ya tsage har nama. Na koma na biyu, haka. Na uku, haka.

“Wuƙa! Wa ke da wuƙa?”

Mutum arba’in, ba mai wuƙa. Duk suna cikin buhu a shago, mai mabuɗi ya riga ya ƙetare gulbi. Wani dattijo ya kyasta ashana a ƙarƙashin ƙiri. Fatar ta yi baƙi, ta yi ƙauri, ba ta ci ba. Illo ya sa ƙarfen kwance taya yana murɗawa, ƙirin ya ƙara shiga katako. Na sa haƙori. Na ji ɗaya ya karye, na tofar, na sake sawa.

Na ce, “Ruwa! Ku kawo ruwa!”

Aka kawo buta biyu. Aka kawo ruwan wanke hannu na wurin Hassi. Duka a ƙulli ɗaya suka ƙare. Ƙasa ta shanye fiye da ƙirin.

Hassi ta ɗaga Rabi ta tura ta gaban mota ta taga. Ta ɗauki shuɗin bokiti. Rijiya tana gabas, taku ɗari biyu, wajen da harbi yake. Ban ce ta je ba. Ban ce kada ta je ba. Na gan ta, na mayar da kai kan ƙulli.

Ta dawo. Ban san tsawon lokacin ba. Zanenta ya jiƙe, numfashinta na fita da ƙara. Na raba ruwan a ƙulli uku, na naɗe su da rigata. Sai jira. Ƙiri bai san gaggawa ba. Mutum arba’in suna kallon hannuna. Jarirai na kuka. Daga gabas an fara fasa shaguna, ana jin ƙarar kwano. Hayaƙi ya tashi daga rumfar masu mai.

Ƙulli biyu suka saki. Muka ɗage tamfol ta baya, muka zare buhu shida. Sauran arba’in da huɗu suna nan daram, ƙiri biyar sun danne su.

Hassi ta ce, “Ya isa?”

Na ce, “Bai isa ba.”

Maganar ƙarshe ke nan tsakaninmu. Ta juya da bokiti.

Ina saman lodi, na durƙusa kan ƙulli na huɗu. Wani abu ya wuce kunnena, fyuu. Sai tup, kusa da gwiwata. Harsashi ne, ya huda tamfol ya shiga buhu. Gero ya fara zuba.

Abin da na yi shi ne na toshe hujin da tafin hannu.

Ban yi tunani ba. Hannuna ne ya je da kansa. A gidanmu in ƙwayar hatsi ta faɗi ƙasa durƙusawa ake a tsince. Yaro ya taka tuwo sai ya sha mari. Shekara uku muna noma a ɓoye, ana harbin mutane a gona, kowane buhu a motar nan wani ya sa ransa ya nomo shi. Na danne hujin, gero na bi ta tsakanin yatsuna da ɗumi. Sai na ji ƙirin da ke ƙarƙashin gwiwata ya yi laushi. Buhun ya rage, ɗaurin ya saki.

Mu arba’in da wani abu, duk manoma. Mun nemi wuƙa, mun nemi wuta, mun nemi ruwa. Ba wanda ya kawo a ransa a huda buhu a zubar da gero a ƙasa.

Na cire hannu. “Ku huda! Ku huda buhunan!”

Suka tsaya suna kallona. Dattijon mai ashana ya ce, “Subhanallahi. Abinci ne fa, ɗana.”

Alhaji Jibo ne ya fara. Ya je gindin dogon yaro ya ɗauko tsinken ƙarfen da Hassi take tsamo ƙosai da shi. Ya caka wa buhu ta tsakanin katako, ya ja ƙasa. Illo ya fasa madubin mota ya raba wa mutane. Mata suka shiga tsaga. Gero ya dinga zuba ta kowane gefe, ƙararsa kamar ruwan farko a kan kwano. Ya kai idon sawu. Tsohuwar nan mai jika ta shimfiɗa mayafinta tana tara, sai da aka fizge ta.

Lodi ya sauka kamu ɗaya. Ƙiri biyar suka yi lagwab. Ba mu kwance ko ɗaya ba, zare su muka yi. Muka tura buhuna ƙasa, masu rabi da cikakku. Duk aikin bai kai tsawon raka’a huɗu ba.

“Ku hau! Tsofaffi tukuna! Miƙo ɗiyan!”

Aka jefa gurgu ciki, aka bar kekensa. Aka ɗaga makauniya. Illo ya tada mota. Ina tsaye a kan bodi ina jan mutane. Daga nan ne na hango ta.

Ta baro rijiya. Bokiti a ka, hannu ɗaya ya riƙe baki. Ba gudu take ba. Tafiyar nan ce ta mata, mai sauri, kafaɗa a tsaye, wadda ruwa ba ya zuba.

Shekara goma sha bakwai ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Ran nan na kira.

“Hassi! Yar da shi! Yar da bokitin! Ruga!”

Inji na gunji. Yara na ihu. Bindiga na yi. Ba ta ji ba. Na ɗaga hannu biyu ina kaɗawa. Ta gan ni. Ta ɗauka ruwan nake yi wa gaggawa. Ta sa hannu na biyu ta riƙe bokitin da kyau, ta ƙara sauri. Ba ta yi gudu ba.

Babura uku suka ɓullo ta tsakanin rumfunan masu tumatir. Mutum uku-uku a kai, fuskoki a naɗe. Suna tsakanina da ita.

Illo ya saki mota.

Na ɗaga ƙafa za ni dira. Hannuwa suka kama ni, wando, ƙugu, wuya. Alhaji yana cewa, “Riƙe shi! Ku riƙe shi!” Tsofaffi ne da mata suka riƙe ni. Ni mai ɗaukar buhu a wuya ne. Da na so kuɓucewa da gaske da na kuɓuce. Wannan ma gara in faɗa.

Katangar masallaci ta shiga tsakani. Ban ƙara ganinta ba.

Muka gangara gulbi. Motar ta yi taku ɗari, ta fara tona. A tsakiya ta tsaya. Tayoyi na juyawa, rairayi na tashi, ba ta motsi. Illo ya leƙo.

“Maza ƙasa! Tamfol ƙarƙashin taya!”

Mu biyar muka sauka, har da Alhaji. Muka shimfiɗa tamfol, muka sa kafaɗa. Rairayin kamar garwashi. Daga bakin gaɓa suna harbi, ba da himma ba, kamar masu wasa. Harsashi na tada ƙasa a gefenmu, fut, fut. Ina jin dariyarsu. Na tura. Ban waiwaya ba. Motar ta ciji tamfol ta fita. Muka bi ta da gudu muka kama katako.

Ƙarfe goma sha biyu da minti goma muka hau tudu. Bayanmu hayaƙi uku ne, ɗaya baƙi, biyu fari.

A hanya muka riski waɗanda suka gudu da ƙafa. Wasu sun zauna a gindin ƙaya, ƙafafu sun fashe. Suna ɗaga hannu. Ba wuri. Illo bai tsaya ba, bai kuma dube su ba. Wata mata ta bi mu da gudu tana kiran sunansa, ta san uwarsa. Ta faɗi. Ta tashi zaune tana kallonmu.

Cikin mota kowa na da gero a gashi, a kunne, a cikin riga. Wani jariri yana tsintar na wuyan uwarsa yana kaiwa baki. Dattijon mai ashana ya jingina da kafaɗata. Na ɗauka barci yake. Ba harsashi a jikinsa. Da muka isa ne na gane ya daɗe da cikawa.

Ana kiran azahar muka shiga Sabon Birni. Mutum arba’in da uku suka sauka da ƙafarsu ko a hannun wani. Na arba’in da huɗu a tabarma aka sauke shi. Illo ya buɗe ƙofar gaba ya miƙo mini Rabi. Ta duba bayana.

Ta ce, “Baba, ina Inna?”

Na ce, “Ta je ɗibar ruwa.”

A barandar wata makaranta aka ajiye mu. Mutanen gari suka kawo tuwo. Na gero ne. Da yawa a cikinmu ba su iya ci ba. Laraba na tsaya a bakin hanya daga safe har magariba ina duba masu shigowa. Alhamis haka. Duk wanda ya zo daga wajenmu na tare shi. Wani ya ce ya ga an tasa mata gaba an yi gabas da su. Bai ga fuskoki ba.

Ran Juma’a da hantsi muka koma, mu goma sha biyu, a bayan motar jami’an tsaro. Aka ce muna da awa biyu. Rabin kasuwa toka ne. Geron yana nan a tasha, tuli guda, ɓarayi ba su ɗebi ko mudu ba. Tsuntsaye da awakin da suka rasa masu su suna kai. Ɓarayin sun fasa shagon ’yan sa-kai. Buhun wuƙaƙe yana tsakar ɗaki, bakinsa a ɗaure. Ba su da buƙatarsa. Na zazzage, na ɗauki tawa.

Gawa goma sha huɗu muka tara. Huɗu mata ne. Ni na juya kowacce. Ba ta ciki. Muka haƙa rami ɗaya mai tsawo a bayan masallaci, Illo ya ja salla don ba liman.

Da muka gama na bi hanyar rijiya. Bokitin yana tsakiyar hanya. A tsaye yake, bai karkace ba. Gammonta yana gefe, a naɗe. Ba jini. Ba alamar ja a ƙasa, sawun babura ya shafe komai. Akwai ruwa a ciki. Rana ta sha kamar yatsa huɗu, saura yana nan, da ganyen dogon yaro biyu a kai.

Ba jefar da shi ta yi ba. Sauke shi ta yi.

Na auna da ƙafa daga bokitin zuwa inda tayar baya ta tsaya. Taku sittin da ɗaya. Na koma na sake aunawa. Sittin da ɗaya.

Mutane suna zagin Alhaji Jibo har yau. Suna cewa ya tsaya auna gero da rayukan mutane. Gaskiya ne, ya tsaya. Raka’a biyu ya tsaya. Ni ba na zaginsa. Na san wanda ya ja ƙiri bakwai ya taka da ƙafa. Na san wanda ya ce bai isa ba.

Mutum tara ɓarayin suka kora daji ran nan. Biyar sun dawo, ɗaya-ɗaya. Na je wurin kowannensu. Wata mata daga cikinsu ta ce sun yi kwana biyu tare da Hassi a ƙarƙashin wata tsamiya. Ta ce Hassi ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta yi ta tambaya, ko motar ta ƙetare. Ba wanda ya sani a cikinsu. Rana ta uku aka raba su gida biyu. Hassi tana cikin waɗanda aka yi gaba da su.

Yanzu a tashar Sabon Birni nake lodi. Da igiyar roba. Illo ya daina yi mini wasan taubashi, gaisuwa kawai muke. Haƙorina ɗaya na gaba babu. Rabi ta shiga shekara ta bakwai. Ta daina tambaya tun damina ta farko. Ita ke ɗebo mana ruwa a famfon unguwa, rabin bokiti, don shi take iya ɗauka. Mariƙin waya ya tsinke sau ɗaya, na sake masa wani.

Damina biyu ke nan. An ce gero ya tsiro a tashar garinmu, ya yi kauri har mutum ba ya iya ratsawa. Ba wanda ya je ya yanka.